Taswirar Aiki: Daga Ramin Zinariya Zuwa Ƙwaryar Tuwo

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan fitowa a kan wani irin zane ne wanda kowace ƙungiya za ta iya yi ba tare da ta kashe ko kwabo ba. Muna kiransa taswirar aiki. Taswirar ƙasa tana nuna wa matafiyi hanya daga Anka zuwa Gummi, da ƙauyukan da zai ratsa, da wurin da hanya ta rabu biyu. Taswirar aiki kuwa tana nuna hanyar da aiki yake bi tun daga sa hannu har gamawa, wato abin da ake fara yi, da abin da yake biye da shi, da wurin da dole mutum ya tsaya ya yanke shawara kafin ya ci gaba.

Wani zai ce, "Ni da na buɗe ido na ga fartanya a hannun ubana, wa zai zana mini yadda ake aikin hatsi?" Yana da gaskiyarsa. Amma bari mu tambaye shi. Damin dawa guda, daga gona har ya zama tuwo a ƙwarya, hannun mutum nawa yake ratsawa? Maigida ya san gona har bakin rumbu. Uwargida ta san daga rumbu zuwa turmi da tukunya. Yaron da ake aika wurin niƙa shi kaɗai ya ga abin da aka zuba a injin kafin a zuba nasu. Kowa yana riƙe da guntun igiya, ba wanda ya taɓa ganin igiyar a miƙe. Aikin taswira shi ne ta miƙe igiyar a gaban kowa. A ƙasar nan tamu mun riga mun ga abin da rashin ganin hanyar gaba ɗaya ya jawo, za mu zo kansa nan gaba kaɗan.

Alamu huɗu sun isa

Ba a bukatar takarda mai tsada. Allo da alli sun isa, ko gawayi da bayan kwali, ko ma ƙasa mai laushi da tsinke a gindin itace. Alamun da za mu yi aiki da su huɗu ne. Siffar ƙwai tana nuna farko da ƙarshe. Akwati mai kusurwa huɗu yana nuna aiki guda, a cikinsa a rubuta aikin da kalma ɗaya ko biyu, kamar sussuka, ko shiƙa, ko surfe. Kibiya tana fita daga wannan akwati zuwa wancan, tana nuna abin da yake biye. Ta huɗu ita ce alamar tambaya, ana zana ta kamar akwatin da aka tsayar a kan kusurwarsa ɗaya. Kibiya ɗaya take shiga cikinta, amma biyu suke fita, ɗaya an rubuta mata "I", ɗaya kuma "A'a". Lalle tambayar da ke ciki ta zama irin wadda ake amsawa da i ko a'a. "Waken ya bushe?" tambaya ce mai kyau. "Yaya waken yake?" ba ta da wuri a nan, gama amsarta hira za ta kai mu.

Inda waɗansu 'yan ƙungiya ba su yi karatu ba, kada a bar su a baya. A zana turmi a cikin akwatin daka, a zana faifai a cikin na bakace. In a ƙasa ake zanen, sai a ajiye ainihin abin, zangarniya a nan, tsaba a can, ɗan gari a gaba.

Mutumin da aka fi dangantawa da wannan dabara magini ne tun farko. Sunansa Frank Gilbreth, mutumin Amurka, ya fara koyon ginin bulo a 1885. Ya zauna ya ƙirga motsin da magini yake yi kafin ya ɗora bulo guda, ya sami 18. Da ya ɗaga wurin ajiye bulo da kwaɓi suka zo daidai hannu, magini ya daina sunkuyawa, sai motsin ya ragu zuwa wajen 5. A 1921 shi da matarsa Lillian suka gabatar wa ƙungiyar injiniyoyin Amurka hanyar zana aiki mataki mataki, ƙungiyar kuma ta tsai da alamunta a 1947. Daga baya masu tsara aikin kwamfuta suka ɗauke ta. Ma'aikacin lafiya a ƙaramin asibiti ma irin wannan zane yake bi sa'ad da yake duba yaro marar lafiya. Yana iya sha ko kama nono? Yana jijjiga? Amsar ce take nuna masa ko ya ba da magani, ko ya tura yaron babban asibiti nan da nan.

Abin da ya faru a Anka da Bukkuyum

A farkon shekara ta 2010 yara ƙanana suka shiga mutuwa a waɗansu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaro zai kama amai da ciwon ciki, sai kasala, sai jijjiga, kwana kaɗan a rasa shi. Aka yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magungunansu, ba su yi aiki ba. Tun kafin wannan mutane sun ga agwagi suna ƙarewa a gari, amma ba wanda ya haɗa mutuwar agwagi da ta yara. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta Na-gari-na-kowa, wadda ake kira MSF, suka lura da yawan mace-macen. Aka ɗebi jinin waɗansu yara aka kai gwaji, sai aka iske gubar dalma ce.

A watan Mayu masu bincike daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, tare da ma'aikatan lafiya na ƙasarmu, suka bi gida gida a Dareta ta Anka da Yargalma ta Bukkuyum. A gidaje 119 da suka shiga, cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, yara 118 sun mutu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Cikin yara 204 da aka gwada jininsu, 198 sun kai ma'aunin da likita yake fara ba da maganin fitar da dalma. Gidaje biyu cikin kowane uku kuwa ana aikin dutsen zinariya a cikinsu. Da aka haɗa dukan ƙauyukan, yaran da suka mutu sun haura 400.

Ba domin mu ɗora wa kowa laifi muka kawo wannan ba. Yawancin masu haƙar nan manoma ne kamarmu, waɗanda suke neman abin rufin asiri da rani. Farashin zinariya a kasuwar duniya bai kai dala 300 a kan oza guda ba a 2001, amma kafin ƙarshen 2009 ya wuce dala 1,000. Wa zai ga haka a bayan gidansa ya kau da kai? Abin da ba su sani ba shi ne, dutsen da aka shiga haƙowa a lokacin cike yake da dalma. A waɗansu wuraren da aka yi aikin, ƙasar da aka auna kashi 10 cikin 100 nata dalma ce.

To, bari mu ɗauki alli mu zana aikin kamar yadda mai yinsa zai faɗa mana. Siffar ƙwai ta farko, haƙo dutse a rami. Kibiya zuwa akwati, zuba shi a buhu a kawo gida. Sai fasawa da guduma ko a turmi. Sai niƙa a inji, irin injin da muke niƙa hatsi, a busasshe. Sai wanke garin da ruwa domin mai nauyi ya kwanta. Sai shanya. Sai cuɗawa da zaiba, ita ce take kama zinariyar. Sai ƙonawa a wuta, zaiba ta tashi, zinariya ta rage. Siffar ƙwai ta ƙarshe, sayarwa. Zane ya yi kyau, kibiyoyi a jere, kowa zai ce daidai ne.

Amma zanen nan bai cika ba, a nan ne kuma muke so kowa ya buɗe kunne. Mai aiki ya bi zinariya ne kaɗai, gama ita ce idonsa yake kai. Buhu guda na dutse ya shiga gida, abin da ya fita zuwa kasuwa kuwa bai fi ƙwayar hatsi ba, wani lokaci ma bai kai ba. Ina sauran buhun? Ba ya ɓacewa. Saboda haka a kowane akwati dole a yi tambaya uku: me ya shiga, me ya fita, wanda ya fita kuma ina ya tafi? Duk abin da ya fita ta gefe, a ja masa tasa kibiyar, a bi ta har inda ta tsaya.

Mu gwada. Daga akwatin fasawa, tsakuwa da ƙura sun zuba a tsakar gida. Daga akwatin niƙa, ƙura ta tashi ta sauka a kan katanga, da randa, da tufafi, da jikin mai niƙan, wanda zai koma gida ya ɗauki ɗansa. Daga akwatin wanki, ruwa ya gangara kududdufi inda dabbobi da agwagi suke sha, laka kuma ta taru, har aka yi tubali da irinta. Daga akwatin shanya, gari ya zauna a ƙasar da yara suke wasa. Daga akwatin ƙonawa, hayaƙin zaiba ya shiga hancin duk wanda yake kusa, ita ma kuwa guba ce. Buhun da aka juye dutse daga cikinsa ba a yar da shi ba, wani ya zama shimfiɗa, wani aka zuba masa amfanin gona. In an gama jan kibiyoyin nan za a ga yawancinsu wuri ɗaya suka nufa, wato ƙasar tsakar gida. Wa ya fi kowa zama a ƙasar tsakar gida? Yaro mai rarrafe, wanda hannunsa yake tsakanin ƙasa da baki tun safe har dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yana shanye dalmar da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 na yadda jikin babba yake sha. Shi ya sa uba mai niƙan yana tsaye da ƙafarsa, ɗansa da bai taɓa zuwa rami ba yana kwance.

Yanzu sai mu zana taswira ta biyu a gefen ta farko, ta hatsinmu. A nan maza su yi shiru, mata su yi magana. Ɗebo daga rumbu, sussuka, shiƙa, surfe, bakace, wanki, ɗan shanya, kai wa inji, tankaɗe, talge, tuƙi, kwashewa. Sa'an nan a dubi zanen biyu a tambaya, a ina suka taɓa juna? Za a ga sun haɗu a turmi. Sun haɗu a wurin shanya. Sun haɗu a buhu, da bakin kududdufi, da wurin injin niƙa. Masu binciken da suka auna abincin ƙauyukan nan a shekarun da suka biyo baya sun iske yawancin dalmar da ke cikin hatsi ba daga gona ta fito ba, bayan girbi ta shiga, a wurin sarrafawa da dafawa cikin gidajen da suka gurɓata. Wato gero ya baro gona lafiyarsa ƙalau, a hannunmu ya ɗauki guba. Mai zanen zinariya shi kaɗai ba zai ga wannan ba, mai zanen tuwo ita kaɗai ma ba za ta gani ba. Sai an ajiye allon biyu kusa da juna.

Kibiya mai komawa baya

Akwai darasi na biyu a cikin wannan labari, shi ne a kan jerin aiki, wane ne gaba, wane ne baya. Akwai maganin da yake kama dalma a cikin jini ya fitar da ita ta fitsari, ana shansa makonni. An fara ba da shi a asibitocin Bukkuyum da Anka a 2010. Uwar da ɗanta yake kwance ba abin da take so sai a ba shi magani yanzu, kowa kuma zai goyi bayanta. Amma zana ka gani. Akwati, a ba yaro magani. Akwati, a sallame shi ya koma gida. Alamar tambaya, an kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidan? In amsa i ce, kibiya ta wuce gaba zuwa warkewa. In a'a ce, kibiya ta lanƙwasa ta koma can sama, inda aka rubuta "yaro ya haɗiyi ƙura". An zagaya an dawo inda aka fara, an ƙarar da magani, yaro kuwa yana nan cikin haɗari. Kamar mai ɗiban ruwa da kwando ne.

Saboda haka aka tsai da jeri. Da fari a fitar da fasa dutse da niƙa daga cikin gari, sarakuna da hakimai kuwa suka ba da umarnin haka. Na biyu a kankare ƙasar sama ta gidaje da lunguna, misalin santimita 5, a kai ta rami a binne, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Na uku, sa'an nan a shiga ba yaran garin magani. An share Dareta da Yargalma a tsakiyar 2010. Abare, da Sunke, da Tungar Daji, da Duza, da Tungar Guru suka biyo baya zuwa farkon 2011. Bagega kuwa, wadda ta fi su girma, sai da ta jira har 2013 kafin kuɗin sharewa ya fito daga gwamnatin tarayya. Dukan wannan lokaci likitoci suna nan, magani yana nan, amma akwati na uku ba ya buɗuwa sai na biyu ya cika. A kan takarda, jiran nan ɗan layi ne tsakanin akwati biyu. A Bagega shekaru ne na rayuwar yara. Dalma kuwa in ta taɓa ƙwaƙwalwa, magani ba ya mayar da abin da ta ɓata.

Taswira tana kuma nuna inda gyara zai fi arha. Ƙura mafi yawa daga akwatin niƙa take fita, saboda dutsen busasshe ne. Wani gwaji da aka yi da masu haƙa a arewacin ƙasar nan, wanda aka buga a 2019, ya nuna fesa ruwa a wurin fasawa da niƙa ya rage dalmar da ke cikin iska da kashi 95 cikin 100. Gyara ɗaya a akwati ɗaya ya datse kibiyoyi da yawa tun daga tushe. MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jihar Zamfara a farkon 2022. Kada mu ɗauka magana ta wuce. Irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015, yara 28 suka mutu, ta hanya iri ɗaya.

Mu kawo shi cikin aikin ƙungiya

Ba kowace ƙungiya take da ramin zinariya kusa da ita ba, amma kowace tana ajiye wake, kowa kuma ya san baƙin cikin kwance buhu a iske ya zama gari. Waɗansunmu suna amfani da buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda masana daga jami'ar Purdue ta Amurka suka fara gwada dabararsa a arewacin Kamaru, aka shiga yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhu saƙaƙƙe a waje. Ba a sa magani. Ƙwarin da ke cikin waken su da kansu suke shanye iskar da ta rage, sai su daina ci, su mutu. Duk da haka mukan ji ana cewa, "Na saya, bai yi mini aiki ba." Mu zana mu gani ko buhun ne, ko hanyar.

Farko, casa. Sai shiƙa da tsince datti. Sai shanya. Tambaya, ya bushe? A ciza ƙwaya, in ta fashe da ƙara ta bushe. Ko a zuba busasshen gishiri da ɗan waken a busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a bar ta ɗan lokaci. In gishiri ya manne a jikin kwalba, akwai sauran damshi, kibiya ta koma kan shanya. In ya bushe, a bar shi ya huce a inuwa. Tambaya ta biyu, ledojin suna da huji? A hura iska a ciki, a riƙe baki, a danna. In iska tana fita, kada a yi amfani da ita a ciki. Sa'an nan zubawa, da matse iska, da ɗaure kowane ruɓi dabam, na ciki tukuna. Sai ajiyewa a kan katako, nesa da bango, inda ɓera ba zai kai ba. Tambaya ta uku ita ce wadda gardama take yawa a kanta: za a riƙa buɗewa ana ɗiban na miya da na ƙosai? In i ne, a ware na ci a wani mazubi tun yanzu, gama kowace buɗewa sabuwar iska ce ga ƙwari. Wanda buhu ya ƙi masa, ya sa yatsa ya bi zanen nan. Sau da yawa zai tsaya a kan wata tambaya ya ce, "Ashe wannan na tsallake."

'Yan'uwanmu na fadamun Gummi su yi haka da shinkafa: jiƙawa, turarawa, shanya, kai wa inji, tsincewa. Mai saye yana rage kuɗi saboda tsakuwa da karyayyar ƙwaya, mu kuwa mukan zagi mai inji. Ku ja kibiyoyin abin da yake shiga a kowane akwati. Tsakuwa yawanci a wurin casa da shanya a ƙasa ko a gefen titi take shiga. Karyewa kuma sau da yawa tun a shanya take farawa, in an bar shinkafa ta ƙone a zafin rana gaba ɗaya ba juyawa, ba hutawa a inuwa, sai ƙwaya ta tsage a cikin ɓawonta, inji ya ƙarasa ta kawai.

Misali na ƙarshe na ofis ne, muna kuwa roƙon shugabanni da ma'aji kada su ji haushi. A ce ƙungiya tana sayen taki a dunƙule. Rubuta sunaye, tara kuɗi, sa hannun shugaba da sakatare, biyan dila, neman mota, saukewa, rabawa. Kowane ɗaya aikin yini guda ne ko ƙasa da haka, amma kowace shekara taki yana isowa bayan masara ta yi ja. Ina kwanakin suka tafi? A irin wannan zane, a kan kowace kibiya a rubuta kwana nawa aka jira kafin a shiga akwati na gaba. Nan za a ga ɓarnar tana kan kibiyoyi. Wataƙila akwai alamar tambaya da ba wanda ya taɓa faɗa da baki, wato "Kowa ya biya?", kibiyar a'a kuwa tana zagayawa tana dawowa, mutum 40 suna jiran mutum 3. In ƙungiya ta ga haka a allo, sai ta sauya tambayar ta zama "Ranar rufe biya ta yi?" Wataƙila kuma shugaba ya yi tafiya, ba wanda aka ba ikon sa hannu a madadinsa. Yadda hanyoyinmu suka zama a shekarun nan, tambayar "Hanya tana da lafiya yau?" ita ma ta shiga zane, a bar mata kwanaki, kada a yi kamar ba ta nan. Irin wannan taswira daga ƙarshe ake fara ta. A rubuta ranar da ake so taki ya kasance a hannun manomi, kafin shuka a watan Yuni, sa'an nan a riƙa ƙirgawa baya har a sami ranar da ya kamata a buɗe littafin sunaye.

Abu guda muke gargaɗi a kai. A zana aiki yadda ake yinsa a gaskiya, ba yadda littafin dokar ƙungiya ya ce a yi ba. In ana shanya a gefen titi, a rubuta gefen titi. In yaro ɗan shekara 8 ne yake kai niƙa, a rubuta haka. Zanen da aka yi domin a faranta wa baƙo rai, ado ne na bango. Kada kuma akwatuna su wuce 12 ko 15 a allo ɗaya. In aiki ya fi haka tsawo, a raba shi biyu.

Abin yi kafin taro mai zuwa

Kowace ƙungiya ta zaɓi aiki guda wanda yake jawo mata hasara ko gardama, ta ware awa ɗaya a taronta. A gayyaci zumuntar mata da samari, musamman waɗanda suke zuwa wurin niƙa. Mutum ɗaya ya riƙe alli, amma kada ya rubuta kome sai wanda yake yin aikin da hannunsa ya faɗa. In an gama, a sa wanda bai taɓa yin aikin ba ya bi kibiyoyin da yatsa yana faɗa da ƙarfi. Inda ya tsaya ya ce "Daga nan fa?", akwai akwati ko tambaya da aka manta.

Ƙungiyoyin da ke garuruwan da ake aikin dutse, nasu aikin an riga an zaɓa musu. Su zana taswirar dutse da ta hatsi, su ajiye su kusa da juna, su kewaye duk wurin da suka haɗu. Su je wurin mai injin gari su tambaye shi ko ya taɓa niƙa dutse da shi, su dubi buhunan da ke cikin shagon ƙungiya su san asalin kowanne. Mai dawowa daga wurin aikin dutse ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya shiga gida. Gidan da aka taɓa fasa dutse ko shanya garinsa a ciki, a sanar da ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma, a nemi a gwada jinin yaran da ba su kai shekara 5 ba, ko da suna wasa lafiya, gama dalma takan daɗe a jiki ba ta nuna alama ba. Sakatare ya kwafe zanen daga allo zuwa takarda kafin a goge, ya rubuta sunan ƙauye da kwanan wata a ƙasansa, ya aiko mana da kwafi ɗaya.